Yadda ake cin sushi a ƙaramin shagon unguwa a Tokyo

Sushi abincin Japan ne, yawanci yankan kifi a kan ɗan dunƙulen shinkafa. Ka buga waya ka kama wuri tukuna, kujerun ba su da yawa. Idan ka shiga, zauna gaban kanta, inda mai yankan kifi yake tsaye. Kuma don Allah ka bar turarenka a masauki, ƙamshinsa danne na kifin yake yi.

Ɗan tawul ɗin da za a miƙo maka na goge hannu ne kawai.

Ni dai "omakase" nake cewa, wato in bar wa mai yankan kifin zaɓi, ya dinga ajiye min ɗaya bayan ɗaya. Ɗauka da hannu ba laifi ba ne. Ka jefa baki gaba ɗaya nan take, tun shinkafar na da ɗumi. In za ka tsoma a ruwan soya, wato baƙin romon waken soya mai gishiri, juya shi kifin ya taɓa, domin shinkafa da ta jiƙe wargajewa take yi. Idan mai yankan kifin ya riga ya shafa masa, kada ka ƙara. Citta kuwa tsakanin loma da loma ake cin ta.

Romon zaƙi da ake shafa wa anago, wani dogon kifin teku mai kama da maciji, yawanci da mirin ake haɗa shi, giyar shinkafa ce, sai ka tambaya.

Riƙe tsabar kuɗi, wasu ba sa karɓar kati. Ba a ba da tukuici a Japan.