Zaɓen da Churchill ya faɗi a Manchester: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Duk sanda na duba takardun ɗalibai kan zaɓen cike gurbi na mazaɓar Manchester ta Arewa maso Yamma na 24 ga Afrilu, 1908, wuri ɗaya jan birona yake fara sauka: "bayan rasuwar ɗan majalisar". Ba wanda ya rasu! Mai kujerar, Winston Churchill, da ransa da lafiyarsa, muƙami ya samu. Asquith ya hau kujerar firayim ministan Birtaniya, ya ba shi ma'aikatar ciniki. Dokar lokacin kuwa ta ce ɗan majalisar da ya karɓi irin wannan muƙami sai ya ajiye kujerarsa ya koma wajen masu zaɓe su sake amincewa da shi. Sau da yawa 'yan hamayya kan ɗaga ƙafa, a wuce babu takara. Wannan karon suka ƙi. Sai a 1926 aka soke dokar gaba ɗaya. Saboda haka kafin ka rubuta dalilin kowane zaɓen cike gurbi na wancan zamani, fara binciko abin da ya sa kujerar ta zama babu kowa.

Sai batun jam'iyya. Saboda an fi sanin Churchill da shugabancin Conservative a yaƙin duniya na biyu, sai a liƙa masa ita. A 1908 ɗan Liberal ne, tun 1904 ya sauya sheƙa. Ɗan Conservative ɗin shi ne William Joynson-Hicks, wanda ya kayar da shi da ratar ƙuri'a 429, ya rama kayen da ya sha a 1906.

Wata ɗaliba ta rubuta mini kan kayen Churchill cewa "mata sun juya masa baya a akwatin zaɓe". Wane akwati? Mata masu fafutukar neman 'yancin zaɓe sun addabe shi a tarurrukansa, gaskiya ne, amma ba su da ƙuri'a ko ɗaya. Sai a 1918 aka fara bai wa waɗanda suka kai shekara 30.

Dundee, inda Churchill ya samu wata kujera a watan Mayu bayan wannan kaye, a Scotland take. Kada ka sa ta cikin mazaɓun Ingila.