Tausar ƙafar da ta kumbura saboda aiki: inda muke kuskure

Yayana tela ne a Zango, nan Damagaram. Shekara da shekaru yana taka keken ƙafa bai san kumburi ba. Da ya koma keken lantarki, sai ga shi da la'asar takalmi ya ƙi shiga, zanen safa ya fito raɗau a ƙwaurinsa. Tsokar sha-raɓa ce ke tura jini sama zuwa zuciya duk sa'ad da ta motsa. In ta yini ba motsi, a zaune ko a tsaye, sai jini ya taru a ƙasa, ruwa ya tsattsafo ya cika idon sawu. Abin da ke samun mai tuyar ƙosai ke nan, da direban da ke cin kilomita wajen 900 zuwa Yamai.

Kuskuren farko da na gani wurin Yaya shi ne ƙarfi. Sai ya kwanta a tabarma ya ce wa yaron shago, "Hau ka tattaka min." Na ce, "Yaya, ai ruwan nan ƙarƙashin fata yake, lallashi yake so." A shafa man kaɗe a tafin hannu, a fara daga yatsu, a bi idon sawu, a haura zuwa gwiwa, sannu a hankali, kullum sama ake nufa. Masu murzawa daga gwiwa zuwa ƙasa suna mai da ruwan inda ya fito ne. Minti 10 ya ishi kowace ƙafa. Kafin a fara, a ɗora ƙafafu kan matashi su fi ƙirji tudu na minti 15 zuwa 20. Wannan kaɗai kan rage kumburin.

Kuskure na biyu shi ne gashi da ruwan zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, jijiyoyin jini sun riga sun buɗe, zafi kuma ƙara buɗe su yake. Ruwan randa ya fi.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne a kama tausa ba a duba wane irin kumburi ba ne. Na gajiyar aiki ƙafa biyu yake kamawa, kuma da safe ya sace. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sha-raɓa na ciwo, wurin ya ɗau zafi, don Allah kada a taɓa. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya, murza kuwa na iya ɓalle shi ya tafi huhu, ya yi kisa nan take. A wuce likita ranar. Haka kumburin da ke kwana bai sauka ba, wanda in ka danna da yatsa rami ke zama, musamman in da haki: a duba zuciya, ƙoda da hanta. Mai ciki da fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai, awon hawan jini take bukata da gaggawa. Mai ciwon sukari kuma kada ya yarda da ƙaho ko tsaga a ƙafa, don miki a wurinsa wuyar warkewa gare shi.

Wasu kan sayi Lasilix, maganin da ke sa yawan fitsari, wajen masu tallar magani don su fitar da ruwan, wasu su rage shan ruwa. Duka biyun na iya jigata ƙoda a wannan zafi. Gishiri da dunƙule ya kamata a rage.

Batun da ake yi cewa tausa na taimakon ƙwaƙwalwa da walwala kuwa, gaskiya ne tausa mai taushi na saukar da bugun zuciya, jiki ya saki, barci ya zo da sauƙi. Na gani da idona, daren da aka yi wa Yaya tausa ba ya yi wa yara tsawa. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne. Wanda baƙin ciki ya danne makonni, ba ci ba barci, kada a tsaya kan man kaɗe, a raka shi wurin likita.

Yanzu Yaya kan tashi duk bayan awa ɗaya, ya dafa tebur ya ɗaga dugadugansa sau 20, sallar azahar kuma a ƙafa yake zuwa masallacin da ya fi nisa da shagon.