Yadda za ki koya wa yara zaman lafiya da ɗan littafi

'Yar uwa, ba sai kin kashe sefa da yawa ba. Yawancin littattafan yara da ake samu a kasuwar Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, da Faransanci suke, to ki zaɓi mai hotuna sosai, ki karanta ki riƙa juya musu da Hausa ko Fulatanci.

Bayan sallar isha'i ya fi, lokacin tatsuniya kenan dama. In kin zo inda aka zalunci wani ki tsaya cak, ki tambaye su wa aka cuta, da kai ne ya za ka yi? Kar ki ba su amsa, bari su yi ta musu, nan ne karatun yake wallahi.

Amma ki fara dubawa ke kaɗai tukuna, littafin da kullum ƙabila ɗaya ce ɓarauniya ajiye shi. Yaranmu sun ji labarin rikicin ruwa na Logon-Birni a 2021 tsakanin Musgum masunta da Larabawan Shuwa makiyaya, don haka labarin makiyayi da masunci da suka raba tafki ɗaya zai shige su. In babu, ki sayi littafin rubutu ku ƙirƙiro naku, su zana shanun da kwale-kwalen da kansu.