Yadda Ake Kula Da Fuska Mai Ƙuraje A Zafi Da Ƙurar Kano

Saura mako uku bikin ƙanwata na shiga wani shagon kayan shafa, na nuna wa mai shagon goshina da kumatuna. Ya jawo wata 'yar roba marar rubutu, ya matsa mayuka uku a ciki, ya gauraya da tsinke, ya ce, "Hajiya, kwana bakwai ki dawo ki ba ni labari." Ranar kamu fuskata sumul, har ana tambayata abin da nake shafawa. Da robar ta ƙare bayan wata biyu sai ƙuraje suka dawo ninkin ba ninkin, ƙanana masu kama da juna, har wuya da ƙirji, kuma in na shiga rana fatar ta yi ta raɗaɗi. Likitan fata yana kallona ya ce wannan aikin sitiroyid ne. Na kusa shekara kafin fuskata ta dawo daidai, kuma abin da ya dawo da ita bai wuce kaya biyar ba, sai haƙuri.

Kafin a shiga matakan, 'yar'uwa, ki san abin da kike fama da shi. Fatar fuska cike take da ƙananan ƙofofin gashi, kowace da jakar maiƙo a ƙarƙashinta. Idan maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata, sai ƙofar ta toshe. In bakinta a rufe yake sai ki ga farin ɗigo, in a buɗe yake iska ta taɓa shi sai ya yi baƙi. Wannan baƙin ba datti ba ne, shi ya sa dirza ba ta fitar da shi. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, da ta samu toshewar sai ta hayayyafa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Sinadaran jiki da ake kira homon su ke ingiza maiƙon, dalilin da ya sa ƙurajen ke tasowa lokacin balaga, ko gab da al'ada, ko da juna biyu. Don haka mai ce miki ƙazanta ce ta jawo bai san abin ba. Kada kuma ki haɗa su da ƙurajen zafi, waɗanda ke feso wa mutum a wuya da baya cikin Maris da Afrilu da ƙaiƙayi, su lafa da jiki ya samu sanyi.

Mataki na farko: tsayar da abin da ke ɓata fatar

Ki fito da duk abin da kike shafawa ki baje a tabarma. Duk robar da ba ta da suna, ba ta da jerin abin da ke ciki, ba ta da lambar hukumar NAFDAC, ki ware ta gefe. Haka duk man da aka rubuta yana ɗauke da kulobetasol ko betametason, domin waɗannan su ne sitiroyid ɗin. Magani ne na wasu cututtukan fata da likita ke bayarwa na ɗan lokaci, amma a fuska mai ƙuraje yana kwantar da kumburi na 'yan makonni, sannan ya sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ya haifar da nasa ƙurajen. Dokar NAFDAC ta hana zaiba a man shafawa, ta kuma hana sinadarin bilicin mai suna haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100, amma mai haɗi a roba ba ya aunawa. In kin yi watanni kina shafa irin wannan haɗin, fuska kan yi bore idan aka yanke shi lokaci guda, don haka gara likita ya tsara miki yadda za ki rage shi a hankali.

Sai na gida: lemon tsami, man goge baki, toka, da goga sikari ko gishiri. Na san iyayenmu da ƙawaye da kyakkyawar niyya suke ba da shawarar, amma duk suna ƙona fata, kuma a fatarmu ƙuna tabo take bari. Dilka da halawa ma a bar su a jiki, kada a kai su fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje.

Mataki na biyu: wankin fuska, safe da dare

Sau biyu ya isa. Ki nemi sabulun ruwa na fuska mai laushi, marar ƙamshi mai ƙarfi. Ki jiƙa fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, ki murza da tafin yatsu kamar minti guda, ki ɗauraye, ki daddana da tawul mai tsabta wanda na fuska ne kaɗai. Ba soso, ba dirza. A hunturu rai kan so ruwa mai zafi sosai, to shi ke kwashe ɗan man da ke kare fata har ta yi furu-furu.

Ana yawan tambaya kan sabulun salo. Wasu yana karɓarsu, amma da yawansa yana da kaifi. Ga ma'auni mai sauƙi: in kin wanke, bayan minti goma kika ji fuskar ta ɗaure kamar fatar ganga, ko tana zafi in kin yi murmushi, sabulun ya fi ƙarfinta, ko wane iri ne. Alwala kuwa ba ta cikin lissafin nan, ruwa ne zalla. Ki dai daddane fuska bayanta, in kuma hunturu ne ki ƙara ɗan mai.

Mataki na uku: maganin safe

Ki je kantin magani mai rajista, ki tambayi mai harhaɗa magunguna benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5, in babu ki karɓi mai kashi 5. Yana kashe ƙwayar cutar, yana kuma taimakawa wajen buɗe ƙofofin. Mai kashi 10 bai cika fin waɗannan aiki ba, ya dai fi su busar da fata. Ki fara gwada ɗan kaɗan a gefen muƙamuƙi kwana biyu ko uku. In babu kumburi ko ƙaiƙayi mai tsanani, sai ki shafa shi siriri a duk yankin da ƙurajen ke fitowa, ba kan ƙurji ɗaya ɗaya ba, domin manufar ita ce hana na gobe fitowa. Makon farko da na biyu ki riƙa tsallake kwana ɗaya.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: yana cin launin kaya. Sai da na ga haɓar hijabina mai ruwan bula ta koma ruwan ƙasa sannan na gane. Ki bari ya bushe sarai kafin ki sa hijabi, ki wanke hannu, ki kuma ware farin tawul.

In matsalarki farare da baƙaƙen ɗigo ne kawai ba masu kumburi ba, salisilik asid mai kashi 2 zai iya wadatar da ke a maimakonsa.

Mataki na huɗu: man da ke riƙe danshi

Mai fuska mai maiƙo kan ce ba ta buƙatar mai. Tana buƙata, musamman da yake magungunan nan na busarwa, kuma fatar da ta bushe ta tsage ba ta jure magani. A zafi ki nemi mai ruwa-ruwa wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofofin fata. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke tsaga leɓe da diddige, ki koma mai ɗan kauri. Man kwakwa yana toshe wa mutane da yawa fuska. Man kaɗanya na Kasuwar Kurmi babu kamarsa a ƙafa da gwiwar hannu, amma a fuska mai ƙuraje ki yi taka tsantsan. Ki lura da man kitso ma: in ƙurajenki sun jeru a goshi da gefen kunne, daidai inda gashi ya tsaya, sau da yawa shi ne ke narkewa da gumi ya gangaro.

Mataki na biyar: kariya daga rana

A nan nake so ki tsaya ki saurare ni, domin a nan yawancinmu muke faɗuwa. Abin da ya fi damun mace a Kano sau da yawa ba ƙurjin ba ne, baƙin tabon da yake bari ne. Ƙurji ya yi mako guda ya tafi, tabonsa ya yi wata shida ko fiye. Fatarmu na da yawan sinadarin launi, kuma duk inda ta ji ciwo sai ta ƙara zuba shi, rana kuma ta ƙara masa duhu. Wannan tabon ne ke kai mata ga man bilicin, bilicin ya kawo sababbin ƙuraje, su kuma su bar sabon tabo.

Hanyar fita ita ce man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa), kowace safiya, a matsayin shafa ta ƙarshe kafin hoda. Ki matsa tsawon yatsu biyu, ya isa fuska da wuya. In aikinki a rana yake, ko kina zirga-zirga tsakanin layukan Kantin Kwari, ko kina takawa daga aji zuwa aji a Jami'ar Bayero, ki sake shafawa bayan kamar awa biyu, ko in gumi ya wanke shi. Wasu nau'in kan bar fari a fuska kamar an barbaɗa toka, don haka ki gwada a bayan hannu kafin ki biya. Laima ma kariya ce, kuma ba ta ƙarewa.

Da rana

Gumi da ƙura da gogar yadi suna tayar da ƙuraje a haɓa da gefen fuska. Ki sauya hijabi da niƙabi a kai a kai, ki fifita yadi mai shan iska a kan mai santsin roba. In kin sauka daga Adaidaita Sahu fuska ta yi butu-butu, ruwa zalla ya isa. Ki riƙa goge fuskar wayarki. Sai babbar jarabawa, wato matsa ƙurji. Matsawa na tura mugunyar ciki, kuma ita ke mai da ƙurjin mako guda ya zama rami ko tabon shekara. In ya yi zafi ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora na 'yan mintuna.

Da dare

Kada ki kwanta da hoda ko kwalliyar biki, komai gajiya. Ki wanke, ki jira fuska ta bushe sosai, sannan ki shafa adafalin mai kashi 0.1, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake ga fuska duka, ki kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da leɓe. Shi ke hana ƙofofin toshewa tun daga tushe, yana kuma taimaka wa tabo ya dushe. Ki fara da dare biyu ko uku a mako, ki bi shi da man danshi, ki ƙara kwanakin in fata ta saba. Kada ki fara shi rana ɗaya da maganin safe, ki ba da tazarar mako biyu, don in wani bai karɓe ki ba ki san wanne ne.

Mai juna biyu da mai neman haihuwa ba ta shafa adafalin. Ta tambayi likita a wajen awo, akwai irin su azelayik asid da ake ba masu ciki. Rigar filo kuma a wanke ta duk mako.

Ga 'yan'uwa maza, duk matakan nan naku ne ma. Amma ƙurajen gemu da na ƙeya bayan aski sau da yawa gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Ka ce wa mai aski kada ya kwashe ƙwal, ka bi yadda gashin ya kwanta, in da hali ka je da injinka.

Batun abinci ba zan daɗe ba. Gyaɗa ta sha zargi a garin nan ba tare da hujja mai ƙarfi ba. Abin da aka fi gani yana tayar wa wasu shi ne yawan sikari, lemon kwalba, kayan fulawa, da madara ga wasu mutane. Ki rage ɗaya na wata guda ki ga ko akwai bambanci.

Tsawon lokacin da za a jira

Makonnin farko fuska kan ɗan bushe, ta saɓe, wani lokaci ƙurajen su yi kamar sun ƙaru. A nan ake karaya a koma shago. Ba a fara ganin sauyi sai an yi mako 6 zuwa 8, ba a kuma yanke hukunci sai mako 12. Ni duk Juma'a da safe nake tsayawa bakin taga ɗaya in ɗauki hoto, domin madubin kullum ba ya nuna ci gaba. A hoton mako na tara na fara ganin kumatuna na hagu ya kwanta. Ko bayan sun tafi kada ki ajiye na dare, shi ke hana su dawowa.

Akwai ƙurajen da wannan tsari ba zai isa ba. In manya ne masu zurfi da ciwo, ko suna barin rami, ko tabon na tasowa ya yi tudu, ko an cika wata uku babu sauƙi, sai a nemi likitan fata. Haka in sun zo tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, domin wannan na iya zama daga homon ne, kuma shafe-shafe ba ya kai can. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da likitocin fata, kuma likitan asibitin unguwarku zai iya tura ki. Kada ki sayi ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta a kemis ki yi ta sha da kanki, kada kuma ki karɓi ƙwayar aisotiretinoyin, wani maganin ƙuraje mai ƙarfi, daga hannun ƙawa, domin tana nakasa jariri a ciki kuma sai da sa idon likita ake shan ta. Ranar da za ki je, ki bar fuskar ba hoda, ki zuba duk mayukan da kika shafa a leda har da waccan robar marar suna, ki tafi da hotunan da ke wayarki.