Kurakuran da ke durƙusar da ƙungiyar mazauna rukunin gidaje

Rukunin gidaje irin su Kundila a Kano ko Gwarinpa a Abuja gwamnati ce ta gina su, amma yau kwata da shara da tsaron dare duk sun koma wuyan mazauna. Ƙungiyoyin da ake kafawa don wannan ba su rasa masu kishi. Rikicin kuɗi ne ke kashe su, sai kuma aikin da aka gama aka bar shi ba mai kula.

Babban kuskure shi ne zuba kuɗin karo-karo a asusun ma'aji na ƙashin kansa. Ko da mutumin kirki ne, ranar da ya rasu, kuɗin jama'a ya shiga cikin gado. A yi wa ƙungiya rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, a buɗe asusu da sunanta, mutum uku su zama masu sa hannu, kada kuɗi ya fita sai da hannun biyu. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, kowane biya da rasit mai lamba. Ƙarshen wata a saka bayanin banki a zauren WhatsApp, a kuma manna shi a allon masallaci saboda dattawa.

Sai yanka kuɗi bai ɗaya. Gidan da ke da 'yan haya goma ko makaranta ba daidai yake da gidan iyali ɗaya ba. Kuɗin gadi da kwashe shara na wanda ke zaune ne. Kwalbati da rijiya na mai gida ne, tunda darajar gidansa ce ke ƙaruwa. In ba a raba haka ba, ɗan haya zai ƙi biya, kuma da gaskiyarsa.

Yasar kwata ita ce aka fi ɓata wa ƙarfi. A fito aikin gayya, a tara laka a bakin kwata a watse, ruwan farko ya mayar da ita. A yi yasa daga Afrilu zuwa farkon Mayu, a fara daga gangare inda ruwan ke fita a hauro sama, kuma a shirya motar kwasa kafin a ɗauki shebur. Wanda ya shafe kwatar ƙofar gidansa da siminti, a roƙe shi ya sa murafen da ake ɗagawa. Kwalbatin da ya fi kwatarsa ƙanƙanta kuwa, shi ne ke tura ruwa cikin ɗakuna a watan Agusta.

Rijiyar burtsatse: kada a haƙa sai masana sun auna wurin, kuma a nisanta ta da ramin masai aƙalla mita 30. A gwada ruwan kafin a sha. Famfon cikin rijiya yakan ƙone idan ya yi ta aiki ba ruwa, don haka a sa masa na'urar da ke kashe shi da kansa, a kuma ware kuɗin gyara tun ranar farko.

Taransifoma a ƙa'idar hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki nauyin kamfanin rarraba wuta ne. In dole ta sa za ku saya, a rubuta yarjejeniya da kamfanin kafin a cire ko sisi.

Taron bayan isha'i a bakin masallaci yana barin mata a waje, alhali su suka fi sanin ranar da ruwa ya ɗauke. A ba su wakilai masu ƙuri'a, haka ma 'yan haya.

'Yan sintiri kuwa, a kai sunayensu ga mai unguwa da ofishin 'yan sanda, a gaya musu ƙarara cewa wanda aka kama miƙa shi ake yi, ba duka ba. In an sa ƙofa a bakin layi, a nemi izinin hukumar tsara birni, kuma makulli ya kwana a hannun mai gadin da ke wurin, saboda mai naƙuda da motar kashe gobara.