Yadda za ka nemi zaman aiki a ɗakin binciken masana kimiyya in kai mai zane ne ko mai fim

Akwai wani tsari da ake cewa rezidensi, wato wata cibiyar bincike ta gayyaci mai zane ko mai kiɗa ko mai fim ko marubuci ya zo ya zauna da masu bincikenta na wasu makonni ko watanni, a ba shi masauki da ɗan alawus, ya shiga ɗakin gwaji ya yi ta tambaya. Abin ya daɗe, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma ta ɗauki mai kiɗan nan Laurie Anderson a 2003, amma wanda ya fi suna yanzu shi ne na CERN, cibiyar nan da ke Janeba a kan iyakar Siwizalan da Faransa, masu ramin nan na kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa inda aka gano wata ƙwayar zarra da ake kira Higgs a 2012. Sun buɗe sashen fasaha a 2011, shirinsu sunansa Collide, wanda ya fara cin gasar shiga shirin wani Bajamushe ne Julius von Bismarck, daga baya Ryoji Ikeda na Japan ya ci.

To ni na nema sau biyu a wurare daban daban kuma duka biyun an ce min a'a, saboda haka abin da zan faɗa daga faɗuwa na koye shi.

Kuskurena na farko shi ne na rubuta musu cewa zan zo in zana abin da suke ganowa domin jama'a su fahimta. Wallahi na ɗauka na burge su. Ashe wannan ita ce maganar da ta fi saurin jefa takardar mutum a kwandon shara, don suna da ma'aikatan yaɗa labarai da masu zanen kwamfuta da ake biya albashi su yi wannan aikin, ba sa neman wani ya taso daga Kano ya yi musu fosta. Abin da suke so mutum ne da ya zo da tambayarsa, tambayar da ta dame shi a cikin aikinsa tun kafin ya ji labarin shirin, kuma ba zai iya warware ta ba sai ya zauna da masu binciken.

Bari in ba da misali da abin da ke gabanmu. Ka je marinar Ƙofar Mata ka tsaya bakin rami, za ka ga ana tsoma ƙyalle a ruwan baba a ɗago shi kore-kore, yana shan iska a hannun marini yana juyawa shuɗi kana kallo. Ruwan nan na baba da toka da kanwa sai ya kwana kwanaki yana ruɓa kafin ya kama, kuma ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke wannan aikin, marini da hanci da ido yake gane ramin ya nuna ko ya mutu. In kai mai aikin rini ne ko zane, ka rubuta cewa kana so ka zauna da masu nazarin ƙwayoyin halitta ka ga me hancin marini yake ji wanda na'ura ke aunawa da lamba, da kuma abin da na'urar ba ta kamawa, to ka zo da abin da ɗan Landan ba zai zo da shi ba. Sai dai fa wannan tambayar ɗakin nazarin halittu za ka kai ta, irin SymbioticA da aka kafa a Jami'ar Yammacin Ostareliya a 2000 inda masu fasaha suka riƙa aiki da tsoka mai rai da hannunsu kafin jami'ar ta rufe wurin. Ka kai ta CERN ka ɓata lokacinka, su ƙwayar zarra da lokaci da asalin duniya ne a gabansu. Mai son teku kuma ya duba Schmidt Ocean Institute, suna ɗaukar masu fasaha a jirgin ruwansu na bincike.

Wajen nemo sanarwa, shafukan Res Artis da TransArtists da On the Move su ne kasuwar, sai cibiyar fasaha ta Ars Electronica da ke Linz a Ostiriya da shirin S+T+ARTS na Tarayyar Turai. Abu na farko da za ka karanta a kowace sanarwa shi ne wa aka yarda ya nema, tun kafin ka fara mafarki, don da yawa na mazauna wata ƙasa ne kawai, shi kuwa Collide na duniya kowa na iya nema. Na biyu, duba wa zai biya tikiti da masauki. Wasu wuraren kai za ka biya su ma, waɗannan ni dai ba na ko buɗe su.

Fotfoliyo, wato tarin samfurin ayyukanka da za ka tura musu, kada ka cika shi. Ayyuka biyar ko shida masu alaƙa da tambayarka sun fi ashirin da aka tattaro ko'ina, kowanne da shekara da girma da abin da aka yi shi da shi da layi biyu na bayani. Hoto a ɗauke shi da hasken safe a jikin farin bango, wayar hannu ma ta isa in an goge gilashin. In sun nemi gajeren bidiyo kana bayani, yi magana yadda kake yi da abokinka, kar ka karanta takarda, kuma ka tura kwana biyu kafin a rufe saboda netwok ɗinmu kun san halinsa, ni na taɓa zama har ƙarfe ɗayan dare bidiyo na hawa ya tsaya a kashi casa'in, gashi agogonsu ake bi ba namu ba.

Kafin ka rubuta, nemi malami ɗaya a sashen kimiyya na jami'ar da ke kusa da kai, ka je ofishinsa ka ce ranka ya daɗe ga abin da nake tunani, yana da ma'ana kuwa? Minti talatin da shi zai cire maka kalmomin da kake amfani da su ba daidai ba, don alƙalan da ke tantance masu nema akwai masana a cikinsu kuma suna gane wanda ya kwaso manyan kalmomi daga intanet ya yayyafa. Turancinka ba sai ya yi ƙyalli ba, ya dai fito a fili: me kake tambaya, wa kake so ka zauna da shi, me ya sa sai a wurinsu.

In Allah ya sa an ɗauke ka, ranar da imel ya shigo ka fara maganar biza. Siwizalan tana cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, gajeriyar biza kwana 90 ce a cikin 180, kuma samun ranar ganawa kaɗai na iya cin makonni, don haka ka roƙi wasiƙar gayyata da ta faɗi ƙarara cewa su ke ɗaukar masauki da kuɗin abinci, ka tabbata fasfonka yana da sauran kwana sosai. Ka kuma tambaya tun wuri aikin da zai fito mallakar wa ne, da ko za a bar ka ka ɗauki hoto a ɗakin gwaji, a rubuce.

Can kuma masu binciken ba hutu suke ba, kowa na da gwajinsa da rahoton da ake jira, ba wanda zai bi ka. Yawanci ana haɗa ka da mutum ɗaya da zai zama jagoranka, sauran kai za ka nemo su, kuma wurin cin abinci ya fi ofis sauƙin kama mutum. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, in an yi bayani ba ka gane ba ka ce ban gane ba a sake, har sau uku in ta kama.