Yadda na gyara ruwan tafkin ninkaya da ya yi fari-fari a Katsina

Kullum ana zuba kulorin, amma ruwan ya ƙi washewa. Gwaji ya nuna pH, wato ma'aunin yawa ko ƙarancin asid a ruwa, ya kai 8.0, inda ƙarfin kulorin ke raguwa sosai.

Ga yadda ake gwajin: ɗauraye kwalbar gwajin, ka ɗebo ruwa daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bakin bututu. Ɗiga phenol red, maganin gwajin pH, sau biyar, ka rufe da murfi, ba da yatsa ba, ka duba launin a gaban farar takarda. Ana son pH 7.2 zuwa 7.6, kulorin kuma 1 zuwa 3 ppm (kashi cikin miliyan).

Don rage pH, na zuba asid kaɗan-kaɗan famfon da ke juya ruwan tafkin na aiki, na sake gwadawa bayan awa huɗu. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Maganin gwajin kuwa, zafin Afrilu na lalata shi, a inuwa ake ajiyewa.